Yadda Unguwa Za Ta Riƙi 'Yan Cirani a Kaduna: Jagora ga Masallatai, Majami'u da Masu Unguwanni

Da zarar an gama girbin gero da wake a ƙasashen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso, wato tsakanin watan Oktoba da Disamba, samari kan ɗaure 'yan komatsansu su biyo ta Jibiya, Kwangwalam, Maigatari ko Illela, su gangaro neman abin rufin asiri kafin damina ta kewayo. Kaduna na cikin garuruwan da suke yada zango. Su ne masu tura kurar ruwa a Rigasa da Tudun Wada, da 'yan dako a Kasuwar Barci da Bakin Dogo, da masu gadin gidaje a Malali da Unguwar Rimi, da masu shayi da masu yankan farce, da leburorin da ke kwaɓa siminti a sababbin unguwanni. Akwai kuma matasan Togo da Jamhuriyar Benin masu aikin tayil da filasta, da waɗansu daga Chadi da Kamaru.

Waɗannan samari ba bara suka zo yi ba, saboda haka kyautatawar da ta fi musu amfani ita ce a biya su haƙƙinsu cikakke, a san su da sunansu, a tsare musu abin da suka tara, a kuma samu wanda zai tsaya musu ranar da aka zarge su ko ciwo ya kwantar da su. Lokacin da Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa a Madina, Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Akasarin 'yan cirani irin wannan zuciya gare su, kuma a kanta aka gina matakan da ke biye.

Mataki na farko: a samu masu ɗaukar nauyi kafin baƙi su iso

Tun daga watan Satumba, liman ko shugaban coci ya zauna da mai unguwa su zaɓi mutum biyar ko shida. Ya kamata a samu ɗan kasuwa mai amana, da ma'aikacin lafiya idan unguwar na da shi, da mace dattijuwa, da matashi mai iya rubutu da riƙe waya. Wanda ba a yi sai da shi kuwa shi ne babban 'yan ciranin kansu, domin kusan kowane rukuni yana da dattijon da ya daɗe yana zuwa, wanda ƙanana ke sauka a hannunsa, shi ke nema musu kura ko aikin gadi, shi ke raba musu faɗa. Duk tsarin da aka yi a bayan idonsa ba zai yi nisa ba. Wannan ƙaramin kwamiti ba ya buƙatar ofis ko hatimi. Littafi ɗaya da lambar waya ɗaya da kowa ya sani sun wadatar.

Mataki na biyu: a san kowa da sunansa da garinsu

Ayar Suratun Nisa'i ta 36 ta jera waɗanda aka umarce mu da kyautata musu, cikinsu har da maƙwabci na nesa da matafiyi. Littafin Firistoci na cikin Littafi Mai Tsarki, sura 19, aya 33 zuwa 34, ya umarci a riƙi baƙon da ke zaune cikin jama'a kamar ɗan ƙasa. Ba a iya cika ko ɗaya daga cikin waɗannan umarni a kan mutumin da ba a san sunansa ba. Yaro yakan shafe wata biyar yana zuba ruwa a gida ɗaya, ya san inda randa take da inda ake ajiye bokitin wanka, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa daga ina ya fito.

A je inda suke kwana bayan sallar Isha'i, tare da babbansu, a gaisa a natse. Liman zai iya cewa: "Samari, sannunku da zuwa. Ku baƙinmu ne, kuma muna so idan wani abu ya sami ɗayanku mu san wanda za mu kira." Daga nan a rubuta suna da sunan mahaifi, da gari da ƙauye, da lambar wani na gida, da sana'a, da wurin kwana. A bayyana musu tun farko wanda zai riƙe littafin da abin da za a yi da shi, kada kuma a karɓi ko sisi da sunan kuɗin rajista. Wanda ya ƙi a rubuta shi a ranar farko a ƙyale shi. Idan ya ga amfanin da 'yan'uwansa suka samu zai kawo kansa.

Wannan littafi kariya ne ga unguwar ita ma. Kaduna ta sha fama da matsalar tsaro, kuma ba laifi ba ne mutane su so sanin wanda ke kwana a lungunsu. Idan an san mutum talatin da sunansu, baƙuwar fuska ta talatin da ɗaya za ta fito fili, kuma 'yan ciranin ne za su fara nuna ta, domin su ne ke fara shan wahala idan aka yi ɓarna.

Batun takardu ma a nan ake duba shi. Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna su zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin suna da takardar tafiya. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, amma ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da mutunta fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe da 'yancinsu na zirga-zirga har sai an yanke wani hukunci. Chadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS. Tun da cin rani yakan wuce wata uku, kwamiti ya tura mutum ofishin Hukumar Shige da Fice a farkon kowace kaka ya ji abin da ake buƙata a wannan shekarar, sannan a shawarci kowane saurayi ya ɗauki hoton katinsa a waya, ya bar kwafi a wurin kwamiti.

Mataki na uku: makwanci

Lokacin zuwansu ya yi daidai da hunturu, kuma da yawa a barandar shago ko kangon gini suke kwana. Abu mafi sauƙi shi ne a nemi masu zaure ko garejin da ba a amfani da shi su ba da aro ko haya mai rahusa, kwamiti ya tsaya a matsayin shaida. A tara tabarmi da barguna da rigunan sanyi daga gidaje, a kuma daidaita da ladan a bar musu banɗakin masallaci a buɗe da asuba da dare, su kuma su ɗauki nauyin tsaftarsa.

Abubuwa biyu ne za a yi ta nanata musu. Kada a kwana da garwashi ko janareta a ɗaki rufe, domin iska mai guba da ke fita daga gare su ba ta da wari, tana kuma kashe mutum cikin barci. Kada kuma a cusa mutum goma sha biyar a ɗakin mutum biyar ba taga, musamman idan zafi ya shigo a watan Maris, lokacin da sanƙarau ke yaɗuwa.

Mataki na huɗu: lada

Nan ne aka fi zaluntarsu, kuma sau da yawa masu zaluncin mutanen da ake sahu ɗaya da su ne. A dubi mai ga-ruwa: kurarsa na ɗauke da jarka goma mai lita 25, wato nauyin kilo 250 ban da ƙarfen kurar, ya sayi ruwan a bakin burtsatse, zai kuma biya mai kura kuɗin haya da yamma ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Ya turo ta hawan titi, ya sauke jarkokin biyu-biyu, ya cika randa da durom, sai a leƙo daga ciki a ce masa: "Maigida ba ya nan, ka dawo gobe." Goben takan zama mako, makon ya zama wata. Ana cewa baƙo raɓa ne, kuma masu taurin bashi da wannan suke dogara: sun san idan ruwan farko ya sauka yaron zai tafi, bashin ya bi iska.

Doka ba ta kai ga yawancin waɗannan ayyuka ba. An mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a shekarar 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, haka nan ba ta shafi masu aikin jinga da na noman lokaci-lokaci ba. Abin da ya rage shi ne tsoron Allah da idon jama'a. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) cewa a ba ɗan ƙwadago ladarsa kafin guminsa ya bushe, kuma a cikin hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito, Allah Ya ce Shi ne abokin husumar mutum uku ranar Alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi lada. Littafin Maimaitawar Shari'a na cikin Littafi Mai Tsarki, sura 24, aya 14 zuwa 15, ta hana a danne ɗan ƙwadago matalauci, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ta ce a biya shi a ranar kafin faɗuwar rana. Ya dace a yi huɗuba da wa'azin coci a kan wannan a farkon rani, a ambaci ga-ruwa da maigadi da lebura ƙarara, domin wa'azin da ba a kama suna ba kowa yakan ɗauka da maƙwabcinsa ake.

Ga yadda kwamiti zai bi da shi. Duk aikin da zai wuce kwana ɗaya, kamar gadi ko gini ko noman rani a bakin kogin Kaduna, a yanke lada kafin a fara, a gaban shaida ɗaya, a rubuta a takarda adadin kuɗin da ranar biya da ko akwai abinci a ciki. Idan gadi ne, a faɗi sa'o'in aiki da ranar hutu; ba daidai ba ne a ɗauki mutum gadin dare, a kuma mai da shi mai wankin mota da ban ruwan fulawa da zuwa aike da rana a kan albashi ɗaya. Hadisin Abu Zarri ya yi hani da a ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsa, idan kuwa an ɗora masa to a taya shi.

Idan ƙorafi ya zo, mutum biyu su je wurin wanda ake bi a asirce, su yi masa magana ta mutunci: "Alhaji, yaron nan Isufu ya ce akwai sauran kuɗinsa na wata biyu, mun zo mu ji ta bakinka." Sau da yawa zuwan kaɗai ya isa. Idan bai biya ba a kai gaban mai unguwa, idan ya ci tura a raka yaron kotu. A kuma yi adalci ta kowane ɓangare: in ɗan ciranin ne ya karɓi kuɗi ya bar aiki, a sa shi ya ƙarasa ko ya mayar.

Mataki na biyar: ajiya

Saurayin da ke kwana a baranda da kuɗin wata uku ɗaure a ƙugu yana cikin haɗari. Sauyin takardun naira na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya nuna wani haɗarin, domin waɗanda ba su da asusun banki su suka fi kowa galabaita. Kwamiti ya zaɓi ma'aji wanda 'yan ciranin suka yarda da shi, ya buɗe littafi biyu, ɗaya a hannunsa ɗaya a hannun mai kuɗin, a riƙa rubuta kowace ajiya da kwanan wata, wani na uku ya sa hannu. Ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282, ta koyar da rubutu da kafa shaida, kuma babu wanda ya fi ƙarfin wannan ladabi komai girman rawaninsa. Kada a juya kuɗin ajiya a kasuwa sai da izinin mai shi, kuma duk ranar da ya nema a ba shi a ranar.

Tun da iyalinsu da sefa suke cefane, a taimaka musu da sanin farashin canji na ranar da kuma 'yan canji masu gaskiya. Shawara mai kyau ita ce a riƙa aikawa gida kaɗan-kaɗan, maimakon a tara duka a ɗauko a jiki ranar komawa.

Mataki na shida: lafiya

Ɗan cirani ba ya zuwa asibiti sai ya kasa tashi, domin ranar da bai fita ba babu ciniki. A ware ɗan asusu daga tarin Juma'a ko baikon Lahadi don kuɗin kati da magani, a kuma sa wanda zai raka mara lafiya, musamman Bazabarme ko Ba'abzine da Hausarsa ba ta nuna ba. Ƙananan cututtuka a kai cibiyar lafiya ta unguwa, manya a wuce asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko na koyarwa na Barau Dikko.

Zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya alamun sanƙarau ne, ba a kwana da su. Tarin da ya kai mako biyu a je a gwada, domin gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Maganin yakan ɗauki wata shida, wanda ke nufin damina za ta iya riskar mai shan sa, saboda haka a nemi takardar da zai ci gaba da karɓa da ita a garinsu, kada ya yanke a tsakiya. Akwai kuma ƙwayar tiramol da waɗansu ke sha don su jure nauyin kura da dako. A yi musu magana a kanta ba tare da tozartawa ba, a kuma ja kunnen masu sayar musu.

Mataki na bakwai: ranar zargi

Idan aka yi sata a layi, baƙo ake fara kallo. Mun ga inda irin wannan zargi ke kaiwa a watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar komawa gida Sallah. Waɗancan 'ya'yanmu ne da suka je neman abinci inda ba a san su ba, kuma matsayinsu ɗaya da yaron Tawa da ke kwana a barandarmu.

Kowane ɗan cirani ya haddace lambar kwamiti. Idan aka taru a kan ɗayansu, dattijo ya shiga tsakani nan take, ya shigar da shi masallaci ko gidan mai unguwa, sannan a kira 'yan sanda. Idan an kama shi, a bi shi caji ofis a ranar, a faɗi abin da aka sani game da shi ba ƙari ba ragi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya tanadi a gurfanar da wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma wannan haƙƙi ne na kowane mutum, ba na ɗan ƙasa kaɗai ba. Beli kyauta ne a doka. Hukumar ba da agajin lauya kyauta da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna karɓar irin waɗannan koke-koke, kuma Nijar na da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano. Idan kuwa laifin ya tabbata, kwamiti ba zai rufa masa ba. Aikinsa shi ne ya tabbatar an hukunta mai laifi shi kaɗai, ba a kori 'yan garinsu gaba ɗaya ba.

Mataki na takwas: ibada, karatu da bukukuwa

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a watannin Fabrairu da Maris, tsakiyar cin rani. Abincin buɗa-baki yana da yawa a masallatai, sahur ne ke ba su wuya, don haka gidajen da ke kusa da makwancinsu su raba kwanaki a tsakaninsu. A sa su cikin masu karɓar zakkar fid-da-kai idan mabuƙata ne, wanda kuma guzurinsa ya yanke ko aka yi masa sata yana da rabo a zakka a matsayin ɗan hanya, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Ranar Sallah a kira su cikin gida su zauna a ci tare, kada a tsaya ga miƙa musu kwano a ƙofa.

Majami'un Sabon Tasha, Kakuri da Barnawa su yi haka ga matasan Togo, Benin da Chadi a Kirsimeti da Ista, kuma kowane ɓangare ya buɗe hannu ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Kaduna ta san wannan: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun shafe shekaru tun 1995 suna aikin sasanta mabiya addinan biyu, Fasto Yohanna Buru kuma ya yi suna wajen raba wa Musulmi mabuƙata hatsi a watan azumi. Sharaɗi ɗaya ne ba a taɓawa: ba a ɗaura taimako a kan sauya addini ko shiga wata ƙungiya. Makarantar dare ta awa ɗaya bayan Isha'i, inda za a koyar da karatun addini ga mai so da lissafi da rubuta suna, tana rage yawan cutar da ake yi musu a ciniki.

Yara da 'yan mata

Idan aka ga yaron da bai kai shekara 18 ba yana tura kura ko ɗaukar kaya masu nauyi, a nemi wanda ya kawo shi, a sauya masa aiki mara nauyi, a sa shi makaranta. 'Yan matan da ake kawowa aikatau sun fi kowa shiga haɗari domin a cikin gidaje suke, ba mai ganinsu, kuma sau da yawa kuɗinsu a hannun dillaliya yake ƙarewa. Wannan aikin dattijuwar kwamiti ne: ta shiga, ta ga yarinyar ita kaɗai, ta ji wa ke karɓar albashinta. Inda aka ga alamar safara ko cin zarafi, a sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ba tare da jinkiri ba.

Rasuwa da komawa gida

Idan ajali ya riski ɗayansu, a kira gida kafin komai, a yi masa sutura kamar ɗan unguwa bisa addininsa, a nuna wa 'yan'uwansa kabarin. A ƙirga ajiyarsa da kayansa da bashin da yake bi a gaban shaidu, a karɓo bashin, a damƙa duka ga magada ta hannun amintacce, a kuma kira a tabbatar ya isa.

Ga masu komawa lafiya, shiri yana farawa tun watan Afrilu, domin da an ji labarin ruwa ya sauka a gida ba mai iya tsayar da su. A sanar a masallaci da coci cewa duk wanda ɗan cirani ke bi ya biya cikin mako biyu, ma'aji ya rufe lissafin kowa a gabansa, a shawarce su su tashi da safe daga tashar Kawo ko Mando, a rukuni, ba cikin dare ba. Kafin tafiya a bincika halin da kan iyaka ke ciki, domin an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ya yi aiki da gaskiya a rubuta masa takardar shaida da sa hannun mai unguwa, wadda zai nuna baɗi ko a nan ko a wani gari, a kuma ajiye littafin sunayen a wurin liman ko shugaban coci, tare da lissafin bashin da bai fito ba da sunan wanda aka wakilta ya ci gaba da bin sa.